Yadda ake wanke tsohon jan bulo da feshin ruwa da gari ba tare da an saɓule fatarsa ba

A Kumasi yawancin gidajenmu na bulon siminti ne, tsofaffin gidajen Zango kuma da dama na ƙasa ne da aka bi da yaɓen siminti daga baya. Jan bulo, wanda aka gasa a wuta, bai cika yawa ba. Shi ya sa duk inda na kankare fenti na tarar da shi a ƙarƙashinsa, raina kan yi fari, kuma nan take hankalina ya tashi, don na san abin da ake yi masa da sunan gyara.

Kwanan baya wani dattijo a unguwar Aboabo ya kira ni in duba gaban gidan da ya gada. Fenti hawa-hawa, ga baƙin hayaƙin masu tuya a gefe ɗaya, ga gansakuka a gindin bango. Ya ce, "Ɗana, so nake ya fito ja wur kamar ranar da mahaifina ya gina shi." Na ce, "Baba, zai fito, amma ba kamar sabo ba. In na matsa masa har ya yi kamar sabo, 'yan damina kaɗan za ku ga yana zubar da gari a ƙofar gidanku."

Dalilin shi ne jan bulo yana da fata. Lokacin gashi, bayansa ne ya fi shan wuta, sai ya yi tauri ya toshe, cikinsa kuwa ya fi laushi da shan ruwa, musamman tsohon bulo da aka buga da hannu aka gasa da itace. Wannan 'yar fatar ce take kore ruwan sama shekara da shekaru. In ka goge ta, ba ta sake tsirowa. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, a kan wannan fatar yake: yadda za a ɗauke datti a bar ta a inda take.

Fara da karanta bangon

Kada ka je Suame Magazine, unguwar makanikai, neman hayar kwamfuresa, wato injin iskar da ke tura ruwa da garin gogewa, tukuna. Ɗauki ƙusa, da gorar ruwa, da ƙaramar guduma, ka zagaya bangon.

Karci fuskar bulo da ƙusa a wurare daban-daban, sama da ƙasa, inda rana ke duka da inda inuwa take. In ƙusa ta bar ɗan zane kawai, bulon yana da ƙarfi. In ta shiga tana fitar da gari kamar ka karci busasshiyar ƙasa, wannan bango ba na feshi ba ne, ko da wane irin gari, ko da wane irin sauƙin iska. Ƙwanƙwasa da guduma a hankali: lafiyayyen bulo yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuma dum yake yi. Watsa ruwa ka ga yadda yake sha. Wanda ya zuƙe ruwa nan take ya yi duhu, fatarsa ta riga ta yi rauni.

Sannan karci kwaɓin da ke tsakanin bulo. Na farar ƙasa yana da haske da laushi, wani lokaci har da 'yan fararen ƙwayoyi a ciki. Na siminti toka-toka ne, ƙusa ba ta kama shi. Riƙe wannan a ranka, zai dawo a ƙarshen aiki.

Akwai bangon da ko kusa ba a kai masa injin feshi. Ginin ƙasa, ko da an yi masa zanen bulo a kan yaɓe, ruwa da iska za su narkar da shi. Haka kuma gine-ginen tarihi. Tsofaffin ganuwoyin bakin teku irin na Elmina, wanda Turawan Fotugal suka fara a 1482, da James Fort da Ussher Fort a Ankara, babban birnin Gana, da sansanin Kumasi da Ingilishi suka sake ginawa a 1897, duk ba wurin gwajin hannun kowa ba ne. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, GMMB, ita ke da ta cewa a kan gine-ginen da aka sa cikin jerin kayan tarihi. A Amurka ma hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare ta daɗe tana gargaɗin a nisanci feshin gari a kan tsohon bulo. Ba su yi ƙarya ba. Ni ma ba na kai inji sai in hanya mafi sauƙi ta gaza.

Hanya mafi sauƙi kuwa ita ce ruwa, da sabulu, da buroshin roba mai ɗan tauri. Ƙura da gansakuka yawanci nan suke tsayawa. In gansakukar ta yi kauri, a tsarma ruwan bilic, wanda muke kira Parazone, kashi 1 cikin ruwa kashi 10, a jiƙa bangon tukuna, a shafa, a goge, a ɗauraye sosai. Ban da buroshin waya, yana barin ƙarfe a jiki ya yi tsatsa. Ban da asid ɗin da masu tayil ke wanke siminti da shi, yana cin kwaɓi yana ƙona launin bulo, kuma haɗa shi da bilic yana fitar da iska mai guba. Farin gishirin da ke fitowa a jikin bango shi kuma a busasshe ake share shi, ruwa mayar da shi ciki yake yi. Abin da ya rage wa feshi shi ne fentin da ya kafe, da hayaƙin da ya zama ɓawo, da ragowar farar ƙasa da siminti da suka manne.

Inji da gari

Abin da ake kira feshin jiƙa iri uku ne a kasuwa, kuma ba ɗaya suke ba. Na farko tukunya ce da ake zuba gari da ruwa tare, iska ta tura su ta mesa, kowace ƙwayar gari ta fito a naɗe cikin ruwa. Wannan shi ne na kirki, don ana iya rage ƙarfinsa ƙwarai kuma ƙura kaɗan ce ke tashi. Na biyu injin feshin busasshe ne da aka ɗaura wa zoben ruwa a baki. Yana rage ƙura, amma bai kai na farko ba. Na uku shi ne injin wankin mota da aka sa wa mesar zuƙo yashi. Ruwansa kan fita da ƙarfin da ya kai bar 150 zuwa 200, bar kuwa ma'aunin ƙarfin matsi ne. Wannan na ƙarfe ne da kankare. In aka nuna wa tsohon bulo shi, garin neman gira za a rasa ido.

Kwamfuresar mai faci ko ta mai fentin mota ba za ta riƙe aikin ba. Ba ƙarfin iska ne matsalar ba, yawanta ne. Bakin feshi mai faɗin milimita 6 yana shan iska da yawa ba tsayawa, ƙaramar kwamfuresa kuwa sai ta yi ta numfashi, gari ya riƙa fitowa gutsi-gutsi, bangon ya fito dabbare-dabbare. Nemi babba mai dizal da ake ja da mota, irin mai lamba 185 ɗin da ake fasa kwalta da ita. Kafin ka biya kuɗin haya, duba cewa agogon iska yana aiki kuma ana iya sauke shi ƙasa sosai, kuma akwai maƙullin hannu a bakin mesa wanda in ka sake shi feshin ke tsayawa. In babu wannan maƙulli, bar injin a wurin.

Yanzu gari, inda aka fi yin ɓarna. Akwai ma'aunin tauri da ake kira Mohs, daga 1 zuwa 10. Yashin kogi, wanda yawancinsa ƙanƙarar dutse ce, yana kan 7. Ganet, wani garin dutse mai tauri, shi ma wajen nan yake. Dakakkiyar kwalba tana tsakanin 5 da rabi zuwa 6. Garin farin dutse, kalsayit, yana kan 3. Bekin soda na kan 2 da rabi. Ƙa'idar a bayyane take: garin ya fi dattin tauri, amma kada ya fi fatar bulo. Ga tsohon bulo, kalsayit mai laushi shi ne zaɓina na farko. Kwalba mai laushi ƙwarai sai a kan bulo mai ƙarfi da fenti mai taurin kai. Ganet na bar wa masu ƙofofin ƙarfe. Soda ba ta cizo, amma gishiri ce, in ba a ɗauraye ta da kyau ba takan dawo fari fat a jikin bango, kuma tana kashe shuka.

Yashi kuwa a'a, ko an tankaɗe shi. Na san shi ne mai araha, tifa na kawo shi har ƙofar gida. Amma yana cin bulo, yana kuma cin mai feshi. Ƙurarsa in ta shiga huhu ba ta fita, ita ke kawo ciwon silikosis, wanda ba shi da magani. Ingila ta hana feshi da yashi tun wajen 1950. Ruwa yana danne ƙurar a lokacin aiki, amma caɓin da ya zuba a ƙasa in ya bushe, ƙura ce yake komawa, yaran gida su shaƙa. Na taɓa yin wannan kuskure a farkon shigata sana'a, a kan wata katanga, bisa umarnin wanda nake yi wa aiki a lokacin. Da yamma katangar ta yi kyau, kowa ya yaba. Yau in na bi ta wurin, fuskar bulon ta rarake, kwaɓin siminti ya tsaya a waje kamar saƙar zuma. Har yanzu abin yana damuna.

Shirin wuri

Gidan haya ne ko na gado, da mutane a ciki, don haka a sanar da kowa kwana biyu kafin ranar. A kwashe shanya, a matsar da randa da murhu, mai sayar da waake ko koko a ƙofar gida a roƙe ta ta koma can gefe na yini ɗaya. Injin yana da ƙara, sai a tsara aikin yadda za a kashe shi lokacin sallah in masallaci na kusa.

Tagogin luba a cire gilasansu gaba ɗaya in zai yiwu, don ko ɗan feshi ya taɓa su sai su dushe har abada. Abin da ba ya ciruwa a rufe shi da leda mai kauri da salatif, a ɗora falanki ko kwali a kai. Ƙofofin katako, da mitar wuta, da soket, da fitilun waje, duk a rufe, a kuma kashe wutar wannan ɓangare daga ciki.

Duk ramin da ke tsakanin bulo, da duk tsagewa, a toshe su na wucin gadi da kwaɓi mai laushi ko tsumma kafin ruwa ya taɓa bangon. In ba haka ba ruwan zai bi ta nan ya ɓullo a ɗakin mutane, ya ɓata musu filasta da kaya.

A gindin bango a shimfiɗa tamfol, a tada gefensa da katako ya zama kamar kwami, caɓin ya taru a ciki. Kada ya gangara kwata. Kowa a Aboabo da Asawase ya san abin da toshewar kwata ke jawowa in ruwa ya sauko, kuma garin feshi in ya kwanta a magudana kamar siminti yake zama. Ga kuma wani dalili: tsohon fentin mai sau da yawa yana ɗauke da dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. In bangon yana da irin wannan fenti, ɗauka cewa caɓin guba ne. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a kwashe na ƙasa tun yana da danshi a zuba a buhu mai leda a ɗaure.

Ruwan aiki ya zama mai tsabta. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yana da ƙarfe, yana barin jan tabo, na wasu rijiyoyin Ankara kusa da teku kuma yana da gishiri. Na famfo ya fi. Cika tanki tun daren jiya, kada ka dogara da jarkokin ɗibar ruwa biyu, waɗanda muke kira Kufuor, don ɗauraya ta fi feshin shan ruwa.

Mai feshi ya sa hular da ke rufe fuska duka, da takunkumi mai matata na gaske, ba ƙyallen hanci ba, da abin toshe kunne, da safar hannu mai kauri, da rigar ruwa da takalmin roba. Yaron da ke tsaye wajen tukunya shi ma ya sa takunkumi da tabarau. A ɗaure mahaɗar mesa da waya ko igiyar ƙarfe, don in ta kuɓuce da iska a ciki, bulala take zama. A sama kuma a kan dandamali ake tsayawa, ba a kan tsani ba.

Gwaji, wanda shi ne rabin aikin

Zaɓi wurin da ido ba ya kaiwa, bayan gida ko lungun katanga. Zana murabba'i uku ko huɗu da alli, kowanne kamar rabin mita. Zuba ruwa da gari a tukunya yadda mai injin ya nuna, rufe, ka ba ta iska. Masu feshin ƙarfe suna aiki a bar 6 zuwa 7, wato wajen 100 in agogon na ma'aunin psi ne. Kai sauke naka zuwa bar 1 da rabi, wajen psi 20. Buɗe ruwa da iska kaɗai tukuna, sannan ka riƙa buɗe makunnin gari kaɗan-kaɗan har ka ga ruwan ya ɗan canza launi. Ya isa haka. Gari da yawa ba ya ƙara sauri, asara ce kawai.

Tsaya nesa da bango kamar kamu ɗaya da ɗan ƙari, santimita 50 zuwa 60. Kada bakin ya kalli bango kai tsaye. Karkata shi kamar rabin kusurwa, yadda garin zai shafi fuskar bulo ya wuce, ba ya soke ta ba. Yi murabba'i na farko haka. A na biyu ƙara iska zuwa bar 2. A na uku matso kaɗan. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kuma a rubuta shi da alli a gefe. A kan tsohon bulo ba na wuce bar 3. In bar 3 bai ɗauke fenti ba, ba ƙarin iska yake so ba, maganin cire fenti yake so ya laushe shi tukuna, a kankare da abin kankara na katako ko roba, feshi ya zo ya share ragowar.

Ɗauraye, ka tafi gida. Jiƙaƙƙen bulo duk kyau gare shi, ba ya faɗin gaskiya. Ka dawo bayan kwana biyu ko uku, da safe, lokacin da rana ke dukan bangon ta gefe. Shafa da tafin hannu. In ya yi kaushi kamar samfefa, ko gefen bulo ya daina kaifi ya yi kumbo, ko launin ya koma ruwan lemo mai haske alhali na asali ja ne mai duhu, ka shiga cikin naman bulo. Duba tamfol ma: in caɓin ya yi ja, bulon kake wankewa, ba datti ba. Murabba'in da ya fi sauƙin hannu kuma ya fita daidai gwargwado, shi za ka bi, ko da na kusa da shi ya fi haske. Kira mai gida ya gani da idonsa ya amince kafin a ci gaba. Wannan yana kashe rigima tun ba ta taso ba.

Feshin kansa

Daga sama ake farawa a sauko. Jiƙa ɓangaren da ke ƙasa da inda kake aiki, don caɓin da ke gangarowa kada ya kama busasshen bulo. Ɗauki kamar murabba'in mita ɗaya a lokaci guda. Hannu ya riƙa tafiya daga hagu zuwa dama a bin layin bulo, da sauri ɗaya, kowane layi ya hau rabin na samansa. Fara feshin a gefe ka shigo da shi, ka kuma fita da shi kafin ka saki maƙulli, don inda aka tsaya nan rami ke fitowa. Hannu ba ya tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya. In wani tabo ya ƙi fita, wuce shi, ka dawo a zagaye na biyu daga wata kusurwar. In ya ƙi a na biyu, bar shi, a bi shi da hannu daga baya. Ɗan ragowar fenti a cikin ramukan bulo ba aibi ba ne, shekarun ginin ne.

Kada ka bi layin kwaɓi da bakin feshi, kuma ka sassauta a kusurwoyi da bakin taga, nan ne bulo ya fi saurin gutsurewa. Bango ɗaya ma ba duka bulonsa ne ƙarfinsu ɗaya ba: waɗanda suka zauna kusa da wuta a ramin gashi sun fi duhu da tauri, na gefe sun fi haske da laushi. In ka iso kan masu hasken, ja da baya taku ɗaya.

Kowane ɓangare ka gama, rufe makunnin gari, ka ɗauraye da ruwa zalla tun bai bushe ba. A lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska na busar da caɓi cikin 'yan mintuna, sai ya bar farin mayafi mai wuyar fita, don haka yaro ya tsaya da mesar ruwa a bayanka. Duk da haka wannan lokacin ne na fi so, don bango na samun damar bushewa. A tsakiyar damina, Mayu da Yuni, bangon da aka jiƙa kan ɗauki makonni yana riƙe da ruwa. Mutum ɗaya ya yi fuskar bango ɗaya daga farko har ƙarshe, don hannu biyu launi biyu suke bayarwa. In ka gaji ka huta, gajiyayyen hannu matsowa kusa yake yi ba tare da mai shi ya sani ba. In an tashi, a wanke mesa da ruwa zalla, a sauke iskar tukunya gaba ɗaya kafin a taɓa murfinta.

Bayan an kashe inji

Ba bangon mako biyu ko fiye ya bushe. Farin gishiri zai iya fitowa, kada ka tsorata. Share shi da busasshen buroshi, ka kwashe daga ƙasa, ka sake in ya dawo.

Sai gyaran tsakanin bulo. Duk inda kwaɓi ya ruɓe, a tone shi da hannu, da siririyar kurfi, zurfin ya kai faɗin layin sau biyu. Ban da injin gurza, yana yanke gefen bulo. A wanke ƙurar, a jiƙa ramin, a cusa sabon kwaɓi hawa-hawa ana dannawa. Nan ne abin da ƙusa ta gaya maka tun farko zai yi amfani. Dole kwaɓi ya fi bulo laushi, don danshin da ke cikin bango ya fita ta layin, ba ta fuskar bulo ba. In na asali farar ƙasa ne, mayar da irinsa: farar ƙasa awo 1 da aka jiƙa ta kwana, yashi awo 3. In da siminti a na asali kuma bulon mai ƙarfi ne, siminti 1, farar ƙasa 1, yashi 6 ya wadatar. Magina da yawa za su ce maka siminti zalla ya fi ƙarko. Shi simintin zai daɗe, bulon da ke kewaye da shi ne zai mutu. Sabon kwaɓin farar ƙasa ba ya son bushewar gaggawa, sai a rataya jiƙaƙƙen buhu a gabansa, a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma na kwana uku zuwa bakwai.

Bulon da ya ruɓe gaba ɗaya a cire shi ɗaya-ɗaya. Wani lokaci in ka juya shi, bayansa lafiya lau yake, sai ya koma mazauninsa da sabuwar fuska. In sai an nemo sabo, tafi da tsohon a hannu don a gwada girma da launi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi, BRRI, da ke Fumesua a hanyar Ankara, ta daɗe tana aiki a kan gasasshen bulo, wuri ne da ya dace a yi tambaya.

Mai gida zai ce a shafa wani abu ya yi ƙyalli. Baban Aboabo ma ya faɗa. Banish da fentin mai suna kulle danshi a ciki, bayan shekara biyu su fara ɓarewa tare da fuskar bulon. In fatar tana nan lafiya, ba ta bukatar komai. In bangon yana shan dukan ruwa sosai, akwai maganin korar ruwa na silan ko silokzan wanda ke shiga ciki ba ya toshe numfashin bango, shi ma sai bango ya bushe ƙayau kuma an gwada a lungu. Kuɗin ƙyallin na ce wa Baba ya sa su a indararo, don gansakukar gindin bangonsa daga ruwan kwanon rufi take, wanda ke zuba ƙasa yana fantsama a jikin layuka biyar na farko. Mun sa indararo da bututu har kwata, muka sauke ƙasar da aka tara a gindin bangon, muka zuba tsakuwa faɗin taku biyu a wurin.